Mutumin da Ke Yin Rabin Hanya

Yanzu a Tudun Wada da gas ake girki, ana sauke tukunya wuta ta mutu. A ƙarshen shekarun saba'in kuwa murhu ne, garwashi kan jima bayan an kwashe tuwo. A nan muke kewaye kakarmu, Inna Asabe, mahaifiyar Baba.

A lokacin shekara biyu ke nan Baba ba ya magana da ƙanensa, Baffa Sule na Ketaren Gwari, a kan wata katanga. Yakan aika masa gaisuwa ta bakin mutane, yakan bi ta layinsu a keke, amma ba ya tsayawa. Inna kuwa ba ta iya yi masa faɗa. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kira.

Wata rana bayan magariba, Baba na gefe yana jin rediyo, sai ta ɗauko karan dawa.

"Wannan hanya ce," in ji ta. "Wani mutum ya ɓata da ɗan'uwansa da ke hayin kogi. Yana son zuwa, ba ya son a ce shi ya fara. Sai ya ce kullum zai yi rabin abin da ya rage masa."

Ta karya karan biyu, ta jefa rabi a wuta. Ta sake karya na hannunta, ta sake, har ya koma kamar ƙwayar shinkafa.

Na ce, "To Inna, ai ya iso."

"Ina fa, maigidana! Buɗe idon nan naka, da saura. Haka ya tsufa a ƙofar gidan ɗan'uwansa yana jin tarinsa, har ranar da tarin ya daina."

Ba mu ji lokacin da aka kashe rediyon ba.

Na girma na tarar da abin a kan allo: rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Na koye shi da Turanci a Zariya, na ji shi da Faransanci a Yamai, da Larabci a Khartum. Ko'ina malamai na sha'awar yadda jimillar ke matsowa kusa da ɗaya. Inna ita ɗan guntun da ya rage ne ya dame ta, don ta san ba a cike shi da wani rabin, sai mutum ya yi sallama ya shiga.

Kwana uku bayan tatsuniyar, Baba ya yi sallama ya shiga gidan ƙanensa. Daga nan Baffa Sule a gidanmu yake cin tuwon Juma'a, har ya bar duniya.