Jan Kifin Zulai'atu

A wani ƙauyen masunta kusa da Warra, cikin ƙasar Ngaski, aka haifi Zulai'atu, kuma a gindin banda ta tashi. Maza su shiga tafki su kamo tarwaɗa da karfasa, mata su farke cikin kifin, su lanƙwasa, su jera a kan raga, su hura wuta a ƙasa. Daga nan sai tsayuwa cikin hayaƙi ana juyawa da hannu har ya bushe. Aikin ke nan tun kaka da kakanni.

Mahaifiyarta ta makance tun ba ta gama furfura ba, haka ma kakarta. Mutanen gari sun daɗe da yanke hukunci cewa abin a jininsu yake. Wasu kuma suka ɗora wa mutanen ruwa, tunda su dai ba a taɓa ganin sun fito sun kare kansu ba. Zulai'atu ta yarda da haka har ta yi aure ta haifi ɗiya, Yasira. Ranar da ta ga yarinyar tana murza ido a bakin banda, hawaye na bin kumatunta, alhali ita kanta ta fara gani dishi-dishi, sai abin ya tsaya mata a rai.

Mace ce mai bin abu daki-daki, har maƙwabta na ce mata uwar tambaya. Ta zauna ta duba. In a jini ne, me ya sa yayyenta maza ke hango jirgi tun yana tsakiyar tafki? Ga ƙanwar mahaifiyarta, wadda ƙananan kifin nan warangi kawai take shanyawa a rana, ta tsufa tukuf amma da kanta take sa zare a allura. Ga kuma matan da ba su haɗa komai da gidansu ba, duk mai banda idonta ja kamar gauta. Ta ce wa mijinta Sahabi hayaƙi ne, ba wani abu ba. Ya ce to madalla, sai ta je ta hana wuta hayaƙi, ya saɓa komarsa ya fita.

Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske. Ta kwaɓa laka ta gina wani abu mai kama da ƙaramin rumbu, ta fitar da bakin wuta can gefe, ta yi masa murfi, ta naɗe tsohon kwanon rufi ya zama bututu, don hayaƙi ya bi ta sama ya yi tafiyarsa. Na farko ya tsage. Na biyu ya ƙone kifi ƙurmus, Sahabi ya yi kwanaki yana amsa gaisuwa da hanci. Mata suka riƙa biyowa ta ƙofar gidan da gangan, suna tambaya ko an fara zuba gero a rumbun. Ta rage wuta, ta ɗaga raga, ta sake gwadawa. Da damina ta ɗauke, abu ya yi. Kifi ya fito jawur, mai sheƙi, busasshe har ƙashi, ba toka ba ƙauri. Uwa da ɗiya suka zauna a inuwa suna hira, kifi na gasuwa shi kaɗai. Zulai'atu ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba ta sake ji ba.

Ranar kasuwar Yelwa ta shiga jirgi da kwalayenta, ta kai wa Mamman, dillalin da ke haɗa su da fataken kudu. Ya ɗaga guda, ya juya shi, ya mayar. Ta ce ya karya ya gani. Ya karya, ya ɗanɗana, ya yarda ya bushe, har ya ce ya fi na kowa daɗi. Sai dai fataken da ke lodi zuwa Anacha ba sa karyawa, ba sa ɗanɗanawa, da ido suke saye. A wurinsu baƙi ƙirin shi ne ya sha wuta, zai kai gida lafiya, ja kuwa ɗanye ne, zai yi tsutsa a hanya. Haka suka sani, haka masu saye a hannunsu suka sani.

"Zulai, ni na yarda da ke," in ji Mamman. "Amma ba ni ka cin shi ba. Koma ki baƙanta shi, in ba haka ba ko kwali guda ba su ɗauka."

Ta zagaya rumfuna har la'asar. Matan gari suka sayi ɗan na miya, sauran ta dawo da shi gida, gidan da tuwonsa ke jikin kifin nan.

Ta gwada zuba jiƙaƙƙen ƙaiƙayin shinkafa a cikin rufaffiyar bandar don kifin ya baƙanta, amma sai na ƙasa ya yi baƙi, na sama ya tsaya ja. Dole a buɗe murfi, mutum ya sunkuya a kai yana juya kifi ɗaya bayan ɗaya, hayaƙin ƙaiƙayi kuwa ya fi na itace mugunta nesa ba kusa ba. Ba ta ruɗi kanta ba, ta san abin da zai ci. Ta dai ga gara ido biyu su tafi a kan huɗu. Ta raba aiki: Yasira ta wanke kifi ta jera a banda, in lokacin baƙantawa ya yi a aike ta bakin ruwa. A ƙasan kowane kwali kuma takan ɓoye jan kifi guda, ko Allah zai sa wani can kudu ya ci ya aiko a ƙaro. Mamman ya sani, ya kau da kai. Shekaru suka wuce, ba wanda ya aiko. Sauran mata ma ba su kwaikwayi ginin ba, don a ganinsu wahala biyu ce.

Yasira ta zama budurwa, idonta tar, na uwar kuwa ya yi ta ja da baya. Ta fara tuntuɓe da turmi, ta ce santsi ne. Sannan wata ranar kasuwa Mamman ya dawo da kwalayen gaba ɗaya, ya ce kifin rabi baƙi ne rabi ja, fatake sun ƙi. Satin nan koko kawai aka sha a gidan.

Da Sahabi ya sake kamo kifi, ta zuba ƙaiƙayi, ta buɗe murfi, ta sunkuya tana lalube. Sai ta ji tari kusa da kafaɗarta, ta ji wani hannu yana juya kifin da ta riga ta wuce.

"Yasira, mi nic ce miki? Tafi bakin ruwa."

"Inna, wanga gefen duk ja na. Ba ki gani ba."

Zulai'atu ta ware ido iya ƙarfinta, ba ta ga ja ba, ba ta ga baƙi ba. Ta buɗe baki za ta sake korarta, ta rufe. Sannan ta matsa gefe ta ba ta wuri.