Takardar Koken Manoman Rani

Ina shekara ta uku da kula da ƙaramin laburaren garinmu, a hanyar Bunkure, kwamfutocinmu biyu suka daina karɓar rubutu. Wa'adin manhajar da muke buga takardu da ita ya ƙare. Za ka buɗe takarda ka karanta, amma ko harafi ɗaya ba ka isa ka ƙara ba. Na kai ƙorafi sama, shiru.

A makon ne ruwa ya yanke a magudanar da ke shayar da gonakin yankinmu, tumatir kuwa yana tsakiyar fure. Shugaban manoman rani, dattijo abokin mahaifina, ya shigo da hantsi, ko zama bai yi ba.

"Ɗana, takardar koke muke so, da sunan kowa da gonarsa. Gobe ma'aikatan ruwa za su zauna, kuma sun ce ba sa karɓar rubutun hannu."

"Baba, na'urar ta ƙi."

"Ka lallaɓa ta mana. Ganye ya fara naɗewa."

Sunayen suna cikin kwamfutar, ni na buga su bara. Ga su ina gani, ba halin gyarawa. Na kashe na kunna har gumi ya jiƙa mini riga.

Wata malamar sakandare da ke zuwa karanta jarida ta ji mu. Ta ce akwai manhajar kyauta, ba ta da wa'adi, kowa na iya sakawa ya ba wani. Ban yarda ba, amma ba ni da wata dabara. Ta koma gida ta kawo ta a filashi. Muna cikin sakawa aka ɗauke wuta. Dattijon nan ya fita a guje, ya aro janareta a wurin mai cajin waya.

Da takardar sunayen ta buɗe, sai na ga ta hargitse. Duk haruffa masu lanƙwasa sun koma 'yan akwatuna, layin gonaki ya zame daga layin sunaye. Na dafe kai.

"Malam, kar ka rikice," in ji malamar. Ta canza salon haruffan, sunaye suka dawo daidai. Gonakin kuwa dattijon ne ya tsaya a bayana yana faɗar su da ka, daga bakin kwalbatin da ruwa ke shigowa har ƙarshen magudana, ina bugawa, ina laluben maɓallan da ban saba da su ba. Sai bayan la'asar takardar ta fito.

An saki ruwa bayan kwana tara. Na kusa da kwalbati sun tsira. Gonar dattijon tana can ƙarshe, kafin ruwa ya isa ta ƙone. Ranar da na je yi masa jaje na tarar yana tuge busassun tumatir. Na cire takalmi na kama masa.