Kwas Ɗin da Sista Turai Ba Ta Je Ba

Duk uwar da ta taɓa jinyar ɗa a wani asibiti da ke ƙasar Birnin Kudu ta san Sista Turai, mutuniyar Gwaram, gajeriya mai faɗa, wadda ke lalubo jijiyar jariri ta ɗaura masa ruwa kafin uwar ta gama salati. Tun tana budurwa take ɗakin yara. Yanzu furfura ta cinye kai, ritaya ta leƙo.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa, a tura ta kwas ɗin shugabanci da ake yi wa manyan ma'aikatan jinya a Kano. Sai da takardarsa ake naɗa mutum shugaban sashe, ko da kuwa shi ke ɗauke da sashen a ka. Kuma don tsabar rashin lissafi, kullum da damina ake sa shi, lokacin da zazzaɓin sauro ke jera yara biyu-biyu a gado.

Duk shekara in ta shiga ofishin Malam Kamaluddeen, shugaban ma'aikatan jinya, sai ya kwantar da murya.

"Haba Sista, in kika tafi wa zai riƙe mana yaran nan? Ki yi haƙuri, sai baɗi."

Sai a tura wanda ko wata guda ya yi ba ya nan ba mai cigiyarsa. Abin takaicin, ita ma baiwar Allah daɗin maganar take ji, ta fito tana gyara hula.

Bana ce damarta ta ƙarshe. Aka tsallake ta, aka zaɓi Mansura, wadda Turai ta koya wa riƙon sirinji. Ranta ya ɓaci iya ɓaci. Ta kwance makullin kabad ɗin magani daga ƙugunta, ta dangwarar a teburin Malam.

"Hutuna da kuka yi ta dannewa nake so, yau ɗin nan. Ku riƙe yaranku!"

Ta hau bas sai Gwaram, gidan yayanta Dabo. Can ta zauna tana tsinke zogale, waya a cinya, tana jira a kira ta ana magiya. Har ta shirya baƙar maganar da za ta yaɓa musu. Wayar nan ta yi shiru, in ban da wata 'yar'uwa mai tunin biki.

Da zaman ya ishe ta, ta koma asibiti. Ɗaki cike da yara kamar kullum, amma tsaf. Jannat, ɗaya daga cikin nas-nas ɗinta, ta ɗago daga bakin gado tana murmushi.

"Sannu da zuwa, Sista. Komai lafiya lau, yadda kika koya mana muka bi."

Da wani lokaci ne da ta yi alfahari. Ranar nan kuwa sai ta gane da kirari aka ɗaure ta duk shekarun nan. Ko jaka ba ta ajiye ba ta wuce ofis.

"Malam, yara nawa muka rasa da ba na nan?"

"Ko ɗaya, Sista. Alhamdulillahi."

"To kwas ɗin naku bai kai zaman da na yi a Gwaram tsawo ba."

Malam Kamaluddeen ya buɗe baki zai ce sai baɗi, sai ya tuna baɗi warhaka ta riga ta ajiye aiki.