Abin da Mai Wankan Gawa Ta Gani

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Hadiza a Gwandu. Sankarar mama ce ajalinta, amma a zaman makoki "gajeruwar rashin lafiya" muka riƙa ce wa mutane, alhali ta daɗe tana jin jiki.

Ita ce mai wankan gawar mata a danginmu. Ita ta wanke Innarmu, ita ta wanke Goggo, ƙanwar Inna da ke aure a Kalgo. Ƙa'idar aikin sananniya ce: abin da ka gani a jikin mamaci ba ya fita bakinka. Yaya ta riƙe ta kamar salla. Ko zancen ka taɓo, harara za ka sha.

Bara 'yarta Asma'u ta ji a rediyo cewa wata sankarar gadonta ake yi, kuma akwai gwajin jini da ke nuna ko mace ta gaji haɗarin. Ba ya cewa lallai za ta kamu, sai dai a fara sa mata ido da wuri. Likita a Birnin Kebbi ta ce kafin a aika jininta, sai an san su wa suka yi ciwon a dangi. Asma'u ta zagaye gidajenmu. Wannan ta ce Inna zazzaɓi ne, waccan ta ce Goggo kwana ne ya ƙare. Wata kuwa cewa ta yi, "Ke, so kike a daina neman auren 'yan gidan nan?"

Ni na riƙa zuba wa Yaya ruwa a wankan Inna da na Goggo. Mikin da ya ci Yaya, shi na gani a ƙirjinsu.

Da Yaya tana raye, na san da faɗa za ta fara, don ba ta da sauƙi. Ko daga baya za ta sauko, Allah ne masani. Ni dai na zaunar da yarinyar na gaya mata. Sakamako ya fito, ta gada. Yanzu tana zuwa a duba ta a kai a kai, lafiyarta lau.

Yaya ta bar mana suna mai kyau, har yau ana yabon amanarta, kuma yabon gaskiya ne. Amma ranar da Asma'u ta dawo daga asibiti, tambaya ɗaya ta yi mini: "Inna ƙarama, Mama ta gani da idonta har sau biyu. Me ya hana ta faɗi nata ciwon tun yana ƙarami?"