Ranar da Na Kai Hasken Curin Taurari Gaban Farfesa

Unguwar Ammariyya, Jidda, ƙarfe 5:40 na asuba

Muna idar da salla Kawu Sani, ƙanen mahaifiyata, ya yi hon a ƙofar gida. Shi zai kai ni jami'ar da nake digiri na uku, kilomita casa'in arewa da Jidda. Ko shayi na kasa sha. Umma ta ce, "Yalla, Allah ya ba da sa'a."

Shekara uku ke nan ina nazarin curin taurari, wato dubban tsofaffin taurari da suka dunƙule wuri guda. Nakan tsefe haskensu na infared, wanda ido ba ya gani, in karanto shekarunsu da sinadaran jikinsu. Matsalar ita ce, sakamakona ya saɓa wa lissafin kwamfutar da Farfesa, shugaban kwamitin jarrabawata, ya yi suna da shi. In na faɗi, tallafin karatu ya tafi, iƙamata, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta bi shi.

Shingen hanya, 6:25

Askarin da ke tsaron shingen ya karɓi iƙamata, ya juya ta, ya duba a na'ura. Ya ce saura mini kwana goma sha tara. Na ce na sani. Da muka wuce Kawu ya ce, "Hadiza, tunda mutumin nan ne mai sa hannu, ki ce masa ya yi daidai mana. Taurarin ƙara za su kai ki?"

"Kawu, sau huɗu na sake awon."

Ya ci gaba da tuƙi har ƙofar jami'a.

Jami'a, 9:00

Na haska wa kwamitin zane biyu, abin da lissafin Farfesa ya ce za a gani, da abin da madubin hangen nesa ya gani. Wajen layukan da ke nuna sinadarin kabon sun rabu. 

Farfesa ya ce, "Curi nawa kika auna?"

"Goma sha biyu."

"A nawa suka saɓa?"

"Tara."

Ya nemi ɗanyen awon, ya ce in jira a waje. Awa biyu da rabi na yi a kan benci. Na yi azahar ban san me na karanta ba. Da aka kira ni ya ce, "Har yanzu ban yarda ba, kuma zan nemi kuskurenki. Amma yau ban same shi ba." Ya sa hannu.

Gida, 5:15 na yamma

Cunkoso ya riƙe mu a Bab Makka, Kawu yana ta shaida wa masu kanti ta taga cewa 'yarsa ta kayar da farfesa. Na gaji da gyara masa.

Umma na tsaye a bakin matakala. Ta ce, "Halas? An gama?"

Na ce, "Halas, Umma." Sai na zauna nan a matakalar. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Kawu da ya wuni a mota yana jirana.