Ranar da Na Hana Misbahu 'Yarsa

Ƙanena Misbahu ya fi kowa iya hawan dabino a Limawa, kuma ba don ƙanena ba ne na faɗa, domin ni ban saba yabonsa ba. Idan lokacin barbara ya zo, wato sa'ad da ake yanko furen namijin dabino a ɗaura a cikin na macen don ta yi 'ya'ya, masu garka tun da safe suke sallama a ƙofar gidanmu. Igiya ɗaya yake ɗaurawa a ƙugu, ya soke wuƙa a bayan wando, kafin ka gama gaisawa da mai garkar ya kai sama. Ƙaya ta zane masa hannuwa har gwiwar hannu, shi kuwa ko a jikinsa.

Ya gama sakandare da sakamako mai kyau. Shekara uku ya yi yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan, ana ce masa ya dawo wani mako. Da ya gaji ya cusa su ƙarƙashin katifa, ya riƙe igiyarsa. Da ita ya auri Ikilima, 'yar mutanen Buji, ta haifa masa Bilki.

Ni Rashida, yayarsa, malamar firamare, a lokacin shekarata goma da aure ko ɓari ban taɓa yi ba. Ranar da aka yaye Bilki, Misbahu ya ɗauko ta a kafaɗa ya dire mini a tsakar gida. Bai ambaci sunanta ba, saboda kunyar 'yar fari. Ya ce, "Yaya, ga yarinyar nan, taki ce." Na ce masa ya ɓace mini da gani kafin ya ga hawayena. Wannan yarinyar ce ya dawo karɓa bayan shekara biyar, ita ce kuma na hana shi.

Canjin ya faro ne daga fatauci. Ya shiga bin motar kaya yana kai dabino garuruwan gabas, a can wani mai suna Sharhabilu ya riƙa sayen kayansa yana kuma saukar da shi a gidansa. Misbahu ya fara dawowa da wa'azi cike da wayarsa. Da fari murna muka yi. Ya daina zuwa gidan kallon ƙwallo, salla ba ta wuce shi, ni har tsokanarsa nake yi ina kiransa Ustazu. Sai ya daina durƙusa wa Baba in zai gaishe shi, ya ce ba a rusuna wa mutum. Muka ce ƙuruciya ce.

Da babbar salla Baba ya yanka ragon layya kamar yadda ya saba. Aka soya, aka kai wa Misbahu nasa kwanon, ya ture. Ya ce ba zai ci yankan mutumin da ya yi wa gwamnati aiki ba. Baba dai masinja ya yi, shekara talatin yana kai takardu a kan keke. Tsohon nan ya dubi ɗansa, ya tashi ya shiga ɗaki. Ni ce na yi ta masifa. Misbahu ya bari na gama, sannan ya ce mini a natse in ajiye koyarwa, kuma kada in kuskura in sa yarinyar nan a boko.

A nan muka tafka kuskurenmu, kuma da hannuna a ciki. Akwai malamai a Dutse da za su zaunar da shi su warware masa aya bayan aya, amma ba mu je wurin ko ɗaya ba, don kada a ji sirrin gida. Inna ta yanke cewa sammu ne, abokan sana'a ne suka yi masa saboda hassada. Ta je ta karɓo rubutu, aka wanke allo a kwalba, ni kuma na riƙa zuba masa a fura ba da saninsa ba. Kwana uku yana sha. A na huɗu nonon ya yi ruwa-ruwa, furar ta fito toka-toka. Ya ɗaga ludayin ya sansana.

"Yaya, me kika sa a nan?"

Na ce ba komai. Inna kuwa ba ta iya ƙarya ba, ta ce, "Ayar Allah ce, ɗan nan, don ka samu sauƙi."

Ya ajiye ƙwaryar a hankali. Ya ce, "Ashe gaskiya aka faɗa mini. An ce gidanmu ne za su fara yi mini asiri." Mutanen can sun riga sun shirya shi, mu kuma muka miƙa musu shaida da hannunmu. Bayan mako biyu ya tafi. Ya nemi Ikilima ta bi shi, ta ƙi, ta koma Buji wurin iyayenta, ya aiko mata da takardar saki.

Shekara biyu ba labarinsa. Muna gaya wa mutane yana fatauci, suna gyaɗa kai don su rufa mana asiri. Wata rana wani direba daga Kafin Hausa, Alhaji Gwadabe, ya zo wurin Baba, ina bayan labule ina ji. Ya ce 'yan bindiga sun tare su a hanyar gabas, suka fito da fasinjoji suna duba katin shaida. Ɗaya daga cikinsu ya rufe fuska da rawani, amma Alhaji Gwadabe ya gane muryar Misbahu ce, domin ya sha ɗaukar masa dabino. Misbahu ne ya ce a ƙyale direban. Wani fasinja malamin makaranta kuwa ba a ƙyale shi ba, a gefen titi aka bar gawarsa. Baba ya ce, "Da hannunsa?" Alhaji Gwadabe ya sunkuyar da kai.

Malamin makaranta, irina. Ranar na yi kukan da ban yi ba ko a rasuwar kakarmu, kuma daga ranar na daina cewa yana fatauci.

Ya zo wata Laraba bayan azahar. Maigidana yana kasuwa, Bilki tana Islamiyya a bayan layinmu, shekararta bakwai. Ina tsince shinkafa na ji sallama a zaure, na ɗaga kai na gan shi. Ya rame, ya yi baƙi, babbar rigar da ya sa ta yi masa yawa. Wallahi abin da zuciyata ta fara ce mini shi ne in tashi in zuba masa abinci.

Ya ce, "Bilki na zo ɗauka."

Ban taɓa jin sunanta a bakinsa ba sai ranar, kuma ya faɗe shi ba ko ɗar.

Na ce, "Ka kai ta ina?"

"Inda za ta tashi a kan gaskiya. Na ji kin sa ta a boko."

"Na sa ta. Ajinta biyu, ita ce ta uku a jarrabawa."

"'Yata ce, Yaya."

"Kai ka kawo ta da ƙafarka ka ce tawa ce. Ni ban roƙe ka ba."

Ya ce bai zo jayayya ba, ya san inda makarantar take. Na miƙe, shinkafar ta zube. Na ce, "Misbahu, saurara. Ga hanya nan, ka koma inda ka fito, ba wanda zai ji daga bakina yau. Amma in ka karya kwana zuwa layin makarantar nan, zan fito titi in yi ihu, in faɗi abin da kake."

Ya dube ni da idon nan nasa na yarinta. Ya ce, "Kashe ni za su yi."

Na ce, "Na sani."

Bai yarda zan iya ba. Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, yana ganin bakina ba zai buɗe ba. Ya fita, na bi shi ko mayafi babu. Ya kai bakin layi, ya ɗan tsaya, sannan ya juya wajen makarantar.

Na yi ihu. Na kira sunansa da na ubanmu, na faɗi abin da yake, har sau uku, da muryar da nake tsawata wa aji mai yara tamanin. Masu shago suka fito, 'yan acaɓa suka zubar da babura. Ya ruga wajen duwatsu, ba su bar shi ya yi nisa ba. Da ba don mai unguwa ya shiga tsakani ba, da a nan za a gama da shi. Aka miƙa shi ga jami'an tsaro jina-jina, kuma tun daga ranar ba mu sake ganinsa ba. Wasu sun ce yana tsare, wasu sun ce ya daɗe da mutuwa.

Da la'asar na je na ɗauko Bilki da kaina. Tana ta ba ni labarin wata da ta ɓata mata allo, ina riƙe da hannunta har ta ce ina matse ta.

Bilki yanzu tana jami'a a Kafin Hausa, kuma ta san komai, domin ni na gaya mata da bakina. Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu. Inna ce ba ta yafe ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, in na kai mata abinci sai ta tura wa jikoki. Bara da ta kwanta ciwo ina shafa mata man zafi a ƙafa, ta dube ni ta ce, "Ɗana kika yi wa ihu, Rashida."

Na ce, "Eh, Inna. Kuma in ya sake zuwa gobe, zan sake yi."

Ta juya fuskarta bango. Na ci gaba da shafa mata ƙafar, ba ta janye ba.