Ƙofar Yaya Hamisu a Shingen Albasa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Hamisu makwancinsa, amma sai bana na gama sanar da rasuwarsa. Na san mai karatu zai ce wane irin ƙane ne wannan. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kakanmu ya zo Garwa daga Kano da jakunan fatauci, 'ya'yansa suka kafa rumfuna a kasuwa, mu jikoki muka gaji atamfa da shadda. Yaya kaɗai ya ƙi zaman rumfa. Ya zaɓi koli: allura, zare, madubi, kwalli da turare, a cikin akwatin katako da yake ɗaurewa a bayan keke. Sau biyu a mako yakan fita da hantsi ya bi gefen Binuwai zuwa ƙauyukan da ke sama da gari. Bai taɓa hawa kwalta ba, wadda mu nan muke kira gudron, sai dai ya tsallaka ta. Yakan ce hanyar da ba a iya tsayawa a gaisa a kanta ba ta mutane ba ce, ta kaya ce.

Na bi shi shekara biyu ina saurayi, kafin in sayi babur in ga kaina ya waye. Har yau idan na rufe ido ina ganin hanyar. Ta fara daga bayan masu wanki, ta ratsa ƙarƙashin giginyu, ta bi burtalin shanu, sannan ta gangara fadama inda dawar masakwa take kore shar a tsakiyar rani. Dutsen Tengelin yana can hagu yana binka, kogi yana dama, wani lokaci dorina ta ɗago hanci ta huro ruwa ta koma. Babu hon, babu hayaƙi. Ƙarar da kake ji ita ce ta sarƙar keke da kukan balbela.

Abin da ya hana ni jin daɗin wannan duka shi ne saukar Yaya. Mutumin nan ya fi tura keke a kan hawansa. Ya hango tsoho, ya sauka. Ya zo bakin gona, ya sauka, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar shanu da ta jikoki cikin Fillancin da ya fi nawa kyau. Nakan tsokane shi in ce da ya sani jaki ya saya, ya huta da faci. Sai ya yi murmushi ya ce sannu ba ta hana zuwa. A lokacin na ɗauka ladabi ne ya yi masa yawa. Ban gane cewa rabin hanyar nan gonakin mutane ce ba, kuma saukar nan ita ce izinin wucewa.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Ya cika da safe, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ni na riƙe wayar sanarwa. Na kira Kano, na kira Yola, na kira dangin matarsa a Kuseri, har wani abokin cinikina a Figil da bai taɓa ganin Yaya ba sai da na kira. Mutanen bakin kogi kuwa, waɗanda ya fi shekara ashirin yana cin tuwonsu, ba su cikin waya, don haka ba su zo mini a rai ba. Na tuna da su bayan sadakar arba'in, na ce mako mai zuwa. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, daga nan kunya ta karɓi aikin daga hannun lalaci. Mu da muke cewa zumunci a ƙafa yake, ni nawa a aljihu na ajiye shi.

Da Yaya zai leƙo Garwa ta yau, ban san inda zai ajiye tayarsa ba. Babura sun cika gari, kowa yana gudu kamar an biyo shi. Amma ina jin wani abu zai ba shi dariya: yanzu matasa masu ilimi, maza da mata, sukan fito ran Lahadi da kekuna masu tsada da hular kwano, suna neman inda babu mota don su sha iska. Abin da muka yi masa gori a kai ya zama abin ado. Cikinsu har da 'yarsa Hadiza, wadda take koyarwa a makarantar sakandare. Bayan wani babur ya buge ƙawarta a kan gudron, ta zo rumfata ta ce in nuna mata hanyar mahaifinta, za ta zana ta a takarda don ƙungiyarsu. Ta ƙara da cewa keke da akwati kawai ya bar mata, tana so ta ga inda ya ƙarar da rayuwarsa. Ni kaɗai na rage da na san hanyar. Na yi ta kawo mata uzurin gwiwa har uzurin ya ƙare.

Muka fita wata Lahadi cikin rani, ita a kan nata, ni a kan keken Yaya da aka yi wa sabuwar taya. Giginyun sun ragu. Inda muke hutawa a da an yi gidaje, wani wurin kuma masu ɗibar yashi sun cinye gaɓa. Muka yi ta kewaye, ina haki, har muka iso lambun albasar Bappa Sa'idu, wani dattijon Bafillace. Lambunsa ya tokare tsakanin kogi da wani kwazazzabo, duk wanda zai wuce gaba sai ta ciki. In ya hana, hanya ta ƙare a nan.

Shingen ƙayar sabo ne, na bana. A tsakiyarsa akwai wata kafa, daidai faɗin keke mai akwati a baya. Tsohon yana zaune kusa da ita a kan buzu, da sanda a hannu yana korar awaki. Na sauka. Ban san lokacin da ƙafata ta yi hakan ba.

Ya amsa sallama, ya daɗe yana duban keken da idanunsa da suka yi fari. Ya ce, "Keken na sani, mai turawar ne ban sani ba. Ina mai shi?"

Allah ya gani, na so in ce yana gida ba ya jin daɗi, yana gaisuwa. Da na faɗi haka, kafar za ta zauna a buɗe, Hadiza ta samu hanyarta, ni kuma in rufa wa kaina asiri. Na dubi yarinyar, na ga ita ma amsata take jira. Na durƙusa na ce, "Bappa, ni ƙanensa ne, wannan 'yarsa ce. Hamisu ya rasu shekara tara da suka wuce. Ni ya kamata in zo, ban zo ba."

Bai yi mamaki ba. Ya ce tun a shekarar masunta suka kawo masa maganar, amma zancen kwalekwale ba sanarwa ba ne. Mutumin da bai taɓa wuce shi a kan sirdi ba, bai yarda gidansu za su wuce shi da labari ba. Don haka duk rani idan 'ya'yansa suka yi shinge yakan sa su bar ƙofar Hamisu, suna mita saboda awaki, shi kuma ya zauna gadi. Ya ɗaga hannu muka yi addu'a, ya yi mana ta'aziyya kamar jiya aka yi rashin. Hadiza ta yi kukan da ban ga ta yi ba ranar jana'iza. Ni kuwa kunya ce ta hana ni, kuma kunyar ta fi kukan ciwo.

Daga nan ya dogara sandarsa ya miƙe, ya jawo wani reshen ƙaya da ke ajiye a gefe, ya toshe kafar muna kallo. Na ji kamar a lokacin aka zuba ƙasar kabarin. Hadiza ta naɗe takardarta. Sai ya juyo gare ta ya ce, "'Yata, wannan ƙofar ta mutum ɗaya ce, ta tafi da shi. Ke in kin zo, ki sauka ki yi sallama, ni zan buɗe. Abokanki ma haka. Amma kada ki rubuta cewa akwai hanya a nan."

Ba ta rubuta ba. Takardar tana nan da layi ya tsaya a bakin lambu.

Na daɗe ina auna abin da Yaya ya bari. Ba gida, ba rumfa, ba suna a kasuwa. Mu da muka tara waɗannan, ban san wanda zai bar mana ko taku ɗaya na gonarsa bayan ranmu ba. Shi an bar masa shekara tara, kuma bakina ne ya rufe. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini. Yanzu duk Lahadi biyu nakan bi Hadiza da mutanenta, ina can baya da gwiwata mai ciwo. Idan muka iso shingen, sukan tsaya su jira ni, don ni nake fara sauka.